Mai Kankana a Ƙofar Ɗakin Hoto

Shekara goma sha tara ina ƙwanƙwasa kankana
a bakin kasuwar Kawo.
Yatsa biyu, kunne ɗaya,
in ce maka wannan ta nuna, waccan bar ta sai jibi.
Ban taɓa neman wuƙa ba kafin in san ciki.

Ran Laraba Sagiru ya faɗo daga katangar maƙwabta
garin bin tantabarar da ba tasa ba.
Ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya yi dariya,
ya cinye ɗanwakensa har da ragowar na ƙanwarsa.
Ɗan ƙulu ne saman kunne, bai kai ƙwan zabo ba.
Uwarsa ta shafa man zafi, muka ce Allah Ya tsare gaba.

Bayan isha'i ya yi amai.
Ya sake.
Ya dube ni, ya kira ni da sunan kawunsa.

Na ɗora tafi a kansa yadda na saba,
na kasa kunne.
Shiru.
Sana'ata ta tsaya a bakin fata.

Likita Kasham ta haska 'yar tocila cikin idanunsa,
ɗaya ya tsuke, ɗaya ya yi nawa.
Ta ce, Baba, ba duk yaron da ya faɗi muke sa wa a na'ura ba,
haskenta ba ruwan wanka ba ne.
Da yawa ido muke sa musu har gari ya waye.
Amma wannan, ba zan jira asuba da shi ba.

Kuɗin hoto ya haɗiye ribar mako uku.
Na ƙirga a kan benci, takardu masu danƙon ruwan kankana,
Ɗanjuma mai lemo ya turo cikon ta waya,
bai ko tambayi ranar biya ba.

Aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari sau biyu, sannan ya kama.

Na hango na'urar ta gilashi,
kamar bakin rijiya aka tayar tsaye.
Suka kwantar da shi, silifa ɗaya a ƙafa,
gadon ya ja shi ciki a hankali.
Duk addu'ar da na haddace ta gudu,
sai sunansa kawai nake ja kamar carbi.

Ga kan ɗana a allo, yanka-yanka,
ba wuƙa, ba jini,
sirara fiye da wanda nake yi wa mai naira hamsin.
Ta sa bakin biro a wani fari,
siffar ɓarin goro, manne da ƙashi.
Ta ce jini ne ya taru, yana ture ƙwaƙwalwa gefe
kamar fasinja na biyar a kujerar mutum huɗu.

Na dangwala yatsa a takarda,
yatsan nan dai da ya kasa ji.

Ladanin Unguwar Rimi ya kira salla, ƙofa na rufe.
Masu shara suka zo, suka tafi.
Uwarsa na riƙe da ɗaya silifar,
ba wanda ya ce ta ajiye.

Sai da la'asar ta yi sanyi ya buɗe ido
a ƙarƙashin farin rawanin bandeji.
Ya ce, Baba,
ni ɗin dai, ba kawunsa ba,
tantabarar nan ta sauko?

Hoton na nan ƙarƙashin katifa, cikin babbar ambulan.
Wani dare nakan ɗaga shi saitin ƙwan lantarki,
in dubi abin da ke bayan dariyar ranar.

Jiya wata mata ta ɗauki kankana, ta ce, ka tabbata ja ce?
Na ƙwanƙwasa. Amon ya yi daidai.
Na ce, Hajiya, kunne na cewa e,
amma bari in tsaga miki ki gani.